Tambayarku: Yaya ake zirga-zirga a Aceh?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Kuala Lumpur, hutun nan ina so in leƙa Aceh ta Indunusiya ni da matata, sati ɗaya kacal. Dan Allah ya harkar mota take a can, kuma wai da gaske ne suna da tsauri sosai? Don abokaina sai tsorata ni suke.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina. Kai da ke Kuala Lumpur ai ka huta, jirgi bai kai awa biyu ba ka sauka a filin Sultan Iskandar Muda, daga nan tasi har cikin Banda Aceh, babban birnin lardin. A gari kuwa abin hawansu becak ne, babur da aka liƙa ma wurin zama a gefe, ku biyu zai ɗauke ku tsaf. Amma fa ku gama ciniki kafin ku hau, in ba haka ba a wurin sauka za a yi ta. In ciniki ba ya jininka to buɗe manhajar kiran abin hawa ta Grab ko Gojek a wayarka. Akwai kuma bas ɗin Trans Koetaradja, sai dai tana son mai haƙurin jira.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne kuɗi. Bankunan lardin duk na Musulunci ne yanzu, saboda haka katin waje ba kowace na'ura ke karɓa ba, ka shigo da kuɗinsu rupiah a aljihu tun daga hanya, kar ka je ka tsaya gaban ATM kana zufa iyali na kallonka.

Maganar tsauri kuma, eh shari'a ake yi, shi kaɗai ne lardin da aka ba wannan damar a ƙasar, har suna ma wajen kirari da barandar Makka. To amma kai Musulmi da matarka da mayafinta me zai dame ku? Gajeren wando dai a bar shi a jaka. Ranar Juma'a da hantsi ya ɗaga shaguna sai rufewa, masunta ma ba sa fita teku, don haka kar ka tsara wata doguwar tafiya ranar, ka wuce masallacin Baiturrahman kawai. Shafi'iyya ne, za ka ji liman ya bayyana bisimilla, da asuba kuma ƙunutu bayan ruku'u a bayyane hannuwa sama, ka bi su abinka ba wani abu.

Sannan wallahi in baka zauna a warung kopi, wato shagon shan kofi, ba to baka je Aceh ba, nan ake hira ake ciniki har dare ya raba, ana tace kofi ta wata doguwar jakar yadi ana ɗaga ta sama. Ka haɗa da taliyarsu mie Aceh, amma yaji ne ba na wasa ba.

Ku je gidan tarihin tsunami ta 26 ga Disamba 2004, ku kuma ga PLTD Apung, jirgin ruwa mai samar da lantarki da ambaliyar ta ɗauko ta dire tsakiyar unguwa. Kusan kowa ya rasa wani nasa, kar ka fara tono zancen sai in su suka kawo.

In kwana ya rage, daga tashar Ulee Lheue akwai jirgin ruwa zuwa tsibirin Weh, mai gudun kamar minti 45 ne, babban kuma ya fi arha amma ya fi daɗewa. In Hajiya na jiri a ruwa ku hau babban.