Amsa ga ƙaninmu da aka ɗauka riƙe tuta a hanyar Gombe

Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina da ka ce an ɗauke ka riƙe tuta a aikin hanya wajen Alkaleri, motoci na wuce ka a guje kuma har yau ba a baka ko rigar riflekta ba, kana tambayar yadda za ka tsare kanka, wallahi ina karantawa gabana na faɗuwa don na sha wannan ruwan.

Tsoron nan naka gaskiya ne, kar wani ya ce maka ragwanta ce. Tirelar da ta ɗauko siminti daga Ashaka ko direban ya so tsayawa birki ba zai kama nan take ba, balle 'yan Sharon da ke son su yi sawu biyu kafin magariba. Kar ka taɓa juya wa motar da ke tahowa baya, ko ana kiranka ne. Tsaya a gefen kwalta, ka miƙa tutar kawai, kuma tun kafin ka tsaya ka duba inda za ka yi tsalle in mota ta ƙwace. Ban da kan kwana, ban da gangara, ka matsa can gaba inda direba zai hango ka tun daga nesa. Iyafis kuwa ka bar shi a gida dan Allah.

Amma ni ba motar matafiya ce ta kassara ni ba, tifar kamfaninmu ce. Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe ko'ina, la'asar ta yi sanyi, foman na ta ihu a gama kafin kwalta ta huce. Tifar nan kowa ya san ƙararrawar ribas ɗinta ta mutu tuntuni, madubin gefe kuma da roba aka ɗaure shi, mun yi magana har mun gaji foman ya ce wanda ba zai iya ba ga hanya nan. Ina duƙe ina baje kwalta da shebur, ga ƙarar rola ta cika min kunne, babu wanda aka sa ya riƙa yi wa direba jagora, sai ji na yi an make ni ta baya. Ƙafata ta karye wuri biyu, hannuna ya dafa kwalta mai zafi, ku da kuke aikin kun san tana kai digiri 150. Foman ɗin nan da ya iso ko sannu bai ce min ba, cewa ya yi a janye ni gefe kar aiki ya tsaya. Wallahi da kunnena na ji. Leburori 'yan uwana ne suka tare a-kori-kura suka kai ni asibiti da kuɗin aljihunsu. Da ya leƙo daga baya sai ya ce ai sunana baya cikin rajista tunda kullum a hannu ake biyana, ya ajiye abin da ko kuɗin hoton ƙashi bai kai ba ya juya. Awakin maiɗakina duka a jinyar nan suka ƙare, yarana suka zauna gida babu makaranta. Mutumin da nake kai wa ruwan alwala fa! Har gobe in na tuna raina ɓaci yake, na bar shi da Allah.

Shi ya sa nake roƙonka, ka tabbata sunanka na kan takarda, ko katin aiki ko hoton rajistar da kuke sa hannu ka ɗauka a waya. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke riƙe da ita, kamfani ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya, kuma har ɗan aikin wucin gadi ta shafa. In tsautsayi ya faru a sanar da kamfani cikin kwana 14, a shigar da neman diyya kafin shekara ta cika. Mu babu wanda ya taɓa gaya mana.

Maganar riga kuma kar ka je kai kaɗai, ku haɗu ku nemi riflekta da hular kwano da takalmin but tare, mutum ɗaya ake saurin kora. In sun ƙi ka daure ka sayi rigar ko ta gwanjo ce. Ka sa 122 a wayarka, lambar 'yan Road Safety ce kyauta. In kwalta ta zubo wa wani a jiki a yi ta kwarara ruwan sanyi, kar a ɓamɓare ta, kar a shafa manja ko makilin, a wuce asibiti. Sannan wannan ɗabi'ar ta kwanciya ƙarƙashin gireda ko tifa don neman inuwa lokacin hutu, na san zafin Afrilu ba wasa ba ne, amma direba in ya dawo tada inji kawai yake baya leƙa ƙasa, ka nemi bishiya ko da nisa. Takunkumi ma kar ka raina shi, ƙurar nan har yanzu tari take sa ni da dare.

Dan Allah wanda ya san ofishin NSITF mafi kusa da Alkaleri ya kwatanta mishi a nan.