Amsa kan zuwa tsibirin Waiheke a wuni ɗaya

Dakta, ka ce za ka bar Samaru zuwa taro a Oklan ta ƙasar Niyu Zilan, abokan taro sun tsara wuni a tsibirin Waiheke mai gonakin inabin giya, kana tambaya ko wanda ba ya shan giya zai sami abin yi. Zai samu, ka je abinka.

Jirgin ruwan Fullers360 yana tashi daga tashar titin Quay a Oklan, ya sauke ku a Matiatia, tashar jirgin ruwan tsibirin, cikin kamar minti 40. Tikitin gama-gari ba ya riƙe maka wuri, layi ake bi. Asabar da Lahadi, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da muke fama da hunturu su kuma suna cikin zafi, jirgi kan cika ya bar mutane. Saboda haka ka kama na safe, kuma tun kafin ka bar Matiatia ka duba lokutan komawa. Kada ka dogara da na ƙarshe.

Daga Matiatia zuwa garin Oneroa bai wuce kilomita 2 ba, amma da hawa. Bas na zuwa har gaɓar Onetangi, sai dai ba ya karɓar tsabar kuɗi, ka tanadi katin biyan kuɗin bas na AT HOP. Stony Batter, inda aka haƙa ramukan soja a yaƙin duniya na biyu, tana can ƙarshen gabas kuma bas ba ya kaiwa, sai da motar haya.

Inda ake yawan kuskure shi ne abinci. Gidajen cin abincin gonakin inabi kan zuba giya a miya, soyayyen kifi ma sau da yawa da giya ake kwaɓa fulawarsa. Ka tambaya kafin a kawo, ko ka nemi gasasshen kifi. Idan 'yan tawaga sun zauna ɗanɗanon giya, kai ka nufi masu man zaitun, tsibirin ya yi suna a kansa.

Sallah kuma, kada sabon Zariya ya sa ka fuskanci gabas. A can alƙibla tana yamma, ta ɗan karkata kudu. Ka ɗauki darduma, da hula mai baki saboda ranarsu na ƙuna ko da gari da sanyi, da rigar sanyi don iskar saman jirgi.