Mushe (malamin makaranta), kafin ka buɗe guruf ɗin nan, saurari abin da ya same ni

Assalamu alaikum. Ƙanena, da na karanta tambayarka sai da na ajiye waya na yi shiru. Ka ce kana son buɗe wa ƴan ajinka masu shirin BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, guruf na WhatsApp don ku riƙa bita bayan an tashi lakwal, kana tambaya ko akwai matsala. Akwai, ni na ɗanɗana.

Nawa na buɗe shi a 2020, lokacin da aka rufe makarantu a watan Maris saboda korona. Lissafi nake koyarwa. Sai in rubuta aikin Tales ko na Fitagor, wato ƙa'idojin lissafin alwatika, a takarda, in ɗauki hoto in tura, in bi shi da saƙon murya da Hausa. Wallahi yaran da ba su taɓa ɗaga hannu a aji ba, a nan suka fara tambaya. Da aka koma a watan Yuni na ƙi rufewa, don na ga amfaninsa.

Abin da ban lissafa ba: a guruf kowa na ganin lambar kowa. Wani yaro ya ba wa yayansa waya, shi kuwa ya kwashe lambobin ƴan mata. Ya dinga kiran wata ɗaliba tawa cikin dare, har yana ce mata ni mushe ne na ba shi lambar. Ranar Litinin ina tsakiyar darasi, alli a hannuna, sai ga mahaifinta ya faɗo aji ko sallama babu. A gaban yara ya ce ni ke haɗa ƴarsa da samari, wai karatun waya ai dabara ce. Na buɗe baki, magana ta ƙi fita. Har yau ina jin yadda ajin ya yi tsit.

Shi uban na yafe masa, ƴarsa yake karewa. Wanda ya tsaya min a rai shi ne darektanmu na lokacin. Mutumin da ya yaba wa guruf ɗin a taron malamai, har ya ce sauran su yi koyi da ni, shi ne ya dubi mahaifin ya ce bai san da zancen ba. Bai sani ba! Ni na nuna masa a ofishinsa, yana shan shayi yana gyaɗa kai. Bayan kwana biyu muka haɗu a masallaci ya miƙo min hannu kamar ba a yi komai ba. Maganar ta bi gari, daga Birni har Zango, ka san Damagaram. Matata a gidan suna ta ji. Sati uku ban iya zama a fada ba.

To, in za ka buɗe, sa darekta a ciki ya zama admin, kuma ya sa hannu a takarda, kar ka yarda da fatar baki. Sa malama mace ɗaya. Lambobin iyaye za ka karɓa, dama yawancin yaran da wayar uwa ko ta yaya suke shiga. Kulle shi ya zama admin kaɗai ke rubutu, ka buɗe awa ɗaya bayan la'asar. Kuma don Allah kar ka taɓa amsa wa ɗaliba a gefe, ko gaisuwa ce. Ta tambaya a cikin jama'a.

Ni yanzu tashar WhatsApp nake amfani da ita, wadda suka fito da ita a 2023, don mabiya ba sa ganin lambar juna. Illarta yaro ba ya iya tambaya, sai ya rubuta a kaye, littafin rubutunsa, ya kawo da safe. Telegram ma ana ɓoye lamba, amma iyaye nawa ke da shi? Google Classroom kuwa sai kowane yaro yana da adireshin imel, na gwada na gaji.

Bidiyo kar ka fara, mega yake ci. Uban da ke neman na hatsi ba zai ba da dala ashirin kullum don Fitagor ba. Kai ma daga aljihunka za ka saya, kuma in ɗan kwantiragi ne kai ka san yadda ƙarshen wata yake zuwa mana. Ga zafin Afrilu, wuta ta ɗauke, waya ta mutu. Sannan akwai waɗanda gidansu babu babbar waya sam, duk abin da ka tura ka sake rubuta shi a allo washegari, in ba haka ba ka raba ajinka biyu.

Yarinyar nan ta samu BEPC ɗinta a shekarar. Mahaifinta ya aiko min da goro ta hannun ƙanenta, shi bai zo ba. In kana son aikin bitar da na tara, yi min magana in turo maka.