Sin da baje kolin duniya

Tambaya: Don Allah yaushe Sinawa suka fara zuwa baje kolin duniya?

Amsa: To malam, da can Turawan kwastan ne, karkashin Robert Hart, Baturen Birtaniya da ke shugabantar kwastan din Sin, ke hada kayan Sin su kai. Sai a 1904 gwamnatin Qing, wato masarautar da ke mulkin Sin a lokacin, ta je da kanta St. Louis a Amurka, Yarima Pu Lun ya jagoranta, amma 'yan bokon Sin sun ji kunya sosai ganin yadda ake nuna kasarsu da lofen shan opiyom (wani kayan maye) da takalman matan da aka daure wa kafa, kai abin ya ci musu rai. A 1910 suka shirya nasu a Nanjing, harda injina da kayan masana'antu.