Tambaya da Amsa: Mako Uku a Meksiko da Jakar Goyo

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni da maigidana mun daɗe muna tara kuɗi domin mu yi tafiyar mako uku a ƙasar Meksiko, kowa da jakarsa ta goyo, ba tare da mun bi ta hannun kamfanin yawon buɗe ido ba. Shi burinsa ya ga kufan mutanen da, ni kuwa raina yana ga bakin teku da kasuwannin ƙananan garuruwa, har mun rubuta wurare goma sha huɗu. Shin za su yiwu? Kuma yaya za mu yi da abinci, kasancewarmu Musulmi? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya cika muku wannan buri. Abu na farko da zan gaya miki shi ne ku rage wuraren nan zuwa shida ko bakwai, domin Meksiko ta ninka Najeriya sau biyu a faɗin ƙasa har da ɗoriya, kuma wanda ya ce sai ya taka ko'ina cikin kwana ashirin da ɗaya, to rabin hutunsa a kujerar mota zai ƙare. Shawarata ita ce ku sauka a babban birnin, ku gangara kudu, sannan ku ƙarasa a yankin Yukatan da ke gabas, inda kufai da teku suke maƙwabtaka, ta yadda babu wanda zai ji an tauye shi a tsakaninku.

Birnin Meksiko yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 2,240, saboda haka kada ku yi mamaki idan numfashi ya yi muku nauyi a kwanakin farko. Ku fara da babban gidan tarihin al'adun ƙasar da ke gandun Chapultepec, wanda ba a buɗe shi ranar Litinin, kafin ku je Teotihuacan, kufan wani tsohon birni mai nisan kusan kilomita 50, inda Dalar Rana take tsaye da tsayin kimanin mita 65. Daga birnin Meksiko bas zai kai ku Oaxaca, wadda ake furtawa Wahaka, cikin awa shida zuwa bakwai. A can ke za ki samu kasuwannin da kike so, na masaƙa da masu tukwane da masu niƙa koko, shi kuma ya hau tsaunin Monte Alban ya ga tsohon birnin al'ummar Zapotek.

Wurin da nake roƙonku kada ku tsallake shi ne San Cristobal de las Casas a jihar Chiapas. Gari ne mai sanyi a cikin tsaunuka, sai kun sa rigar sanyi da dare, kuma a gefensa akwai 'yan asalin ƙasar daga ƙabilar Tzotzil da suka karɓi Musulunci tun shekarun 1990, suna da masallatansu. Ku yi ƙoƙari Juma'a ta riske ku a can. Bayansa sai Palenque, kufan mutanen da na al'ummar Maya a tsakiyar kurmi, inda aka gano kabarin Sarki Pakal a ƙarƙashin wani haikali a 1952. Ku isa ƙofa da sassafe, lokacin da hazo bai gama tashi daga kan itatuwa ba, birai kuma suna ta ruri daga sama kamar wasu manyan namun daji. A ganina ya fi Chichen Itza, wani kufan Maya da ke Yukatan, ratsa zuciya, duk da cewa ita ce ta fi suna. Ita ma ku je ta daga garin Valladolid, ku ga dalarta mai matakala 365 daidai da kwanakin shekara, amma ku sani an hana hawanta, kuma ku guji ranar Lahadi, domin ranar ce 'yan ƙasa suke shiga kyauta, cunkoso ya yi yawa. Kwanaki huɗun ƙarshe ku bar su ga teku a wajen Tulum, inda kufai suke a kan gaɓar dutse, ruwan Karibiyan yana ƙarƙashinsu.

Batun abinci yana buƙatar lura sosai, domin matsalar ba ta tsaya ga naman alade da ido yake gani ba. A gidajen abinci da yawa da kitsensa ake soya wake, da shi ake kwaɓa ƙullun masarar da ake naɗewa a ganye a turara, wato tamal. Ku haddace kalmomi biyu na Sifaniyanci, "puerco" alade, "manteca" kitsensa, ku riƙa tambaya kafin a zuba muku. Mashahurin gasasshen naman nan da ake kira "al pastor" alade ne, ko da kun gan shi a tsire kamar shawarma. Kifi da ƙwai da fiya da 'ya'yan itace suna nan a wadace, kuma idan kun kama masauki mai ɗakin girki, sai ki yi cefane ki dafa abin da hankalinku zai kwanta da shi. Ruwan famfo kuwa ba a shansa. A masaukai masu rahusa ku nemi ɗaki na ku biyu tun wajen yin rajista, saboda da yawansu maza da mata suke haɗawa a ɗaki ɗaya.

Tsakanin garuruwa ku hau manyan bas-bas na kamfanin ADO, ku shiga da mayafi mai kauri domin sanyin na'urarsu ba kaɗan ba ne, fasfo da kuɗi kuma su kasance a jikinku, kowa da rabinsa. Lokaci mafi dacewa shi ne daga ƙarshen Nuwamba zuwa Afrilu, tunda daga Yuni zuwa Nuwamba ne guguwar teku take barazana ga gaɓar gabas.

Kafin ku biya kuɗin jirgi ku gama da maganar biza a ofishin jakadancin Meksiko da ke Abuja, kuma ku duba ƙasar da za ku yada zango, domin babu jirgin da ke tafiya kai tsaye daga Najeriya, kuma mai fasfo ɗinmu yana buƙatar biza ko da sauya jirgi kawai zai yi a Amurka.