Amsa kan faɗaɗa salansa da cire indomi

Assalamu alaikum. Malam, ka tambaya ko faɗaɗa bututun salansar Corolla ɗinka ta 2005 da cire indomi (wato matatar da ke cikin salansa mai rage gubar hayaƙi) zai ƙara mata ƙarfi, kamar yadda mai walda ya faɗa maka. Na yi shekara 17 ina aikin kanikanci, kuma shawarata ita ce ka bar bututun a kan awon da kamfani ya yi masa.

Hayaƙi ba ya fitowa a jere kamar ruwan famfo. Kowace silinda tana tunkuɗo nata ne a lokacin da bawul, wato ƙofar fitar hayaƙinta, ya buɗe, kuma idan hayaƙin ya wuce da sauri, yakan zuƙo ragowar da ke cikin silinda ta gaba, sai sabuwar iska da fetur su samu wurin shiga. Idan bututun ya yi faɗi fiye da kima, saurin nan yana raguwa, motar ta ƙara ƙara amma ta yi nauyin tashi, musamman a cunkoso. Idan kuma ya yi ƙunci ko ya lotse, zafi yana taruwa a kan bawul.

Abin da ya fi kashe inji a idona shi ne yoyon bututun hayaƙi kusa da manifol, wato ƙarfen da ke tattara hayaƙin silindoji a jikin inji. Iska tana shiga ta wurin, sansar iskar oksijin ta sanar da kwamfutar mota cewa fetur ya yi kaɗan, ita kuma ta ƙara turo shi, har fulogi su yi baƙi, fetur ya tsinka baƙin mai, zoben fistan ya fara cinyewa. Na taɓa karɓar wata mota da aka cire mata gaɓar bututun salansa mai lanƙwasuwa aka walda miƙaƙƙen ƙarfe a madadinta. Jijjigar inji ta rasa inda za ta sauka, kafin wata shida manifol ya tsage.

Shi kuwa indomi, akwai ma'adanai masu tsada a cikinsa, filatinom da faladiyom da rodiyom, shi ya sa ake yawan zuga mutane su cire. Idan bai toshe ba, cire shi ba zai ba ka ƙarfin a zo a gani ba, sai dai fitilar inji ta kama, iyalinka kuma su riƙa shaƙar hayaƙi mai guba. Ka sa a gwada ko ya toshe tukuna, sannan a duba robobin da ke rataye da salansar.