Ku Tambayi Baba Fasto: Na yi addu'a har na gaji, ko bangaskiyata ce ba ta kai ba?

TAMBAYA: Baba, gaisuwa cikin sunan Yesu. Na gama makaranta da sakamako mai kyau amma shekara ta uku kenan ina neman aiki shiru kake ji. Ba irin azumin da ban yi ba, intabiyu kuma sai a kira ni in je in amsa komai a ce za mu neme ki, shikenan. Duk ranar Lahadi sai wani ya tashi ba da shaida, ina tafi tare da kowa amma zuciyata kamar ta fashe. Wata a cocinmu ta ce min wai bangaskiyata ce ba ta kai ba, ko kuma akwai zunubin da nake ɓoyewa. Yanzu ko Littafi Mai Tsarki na buɗe ba na jin komai. Baba, na daina dogara ga Allah ne ban sani ba? Daga wata 'yarka.

AMSA: 'Yata, sannu. Sannu ƙwarai. Bari in fara da maganar waccan 'yar'uwar don na san ita ce ta fi tsaya miki a rai. Ta yi kuskure, ko da kuwa da kyakkyawar niyya ta faɗa. Irin maganar ce abokan Ayuba suka yi ta nanata masa babi bayan babi, wai ka bincika kanka akwai abin da ka yi, kuma a ƙarshe, a Ayuba 42:7, su Allah ya yi fushi da su, har sai da Ayuban ya yi musu addu'a. Almajirai ma da suka ga mutumin nan da aka haifa makaho a Yahaya 9, abin da suka fara tambaya shi ne laifin wa, nasa ko na iyayensa, Yesu ya ce ba ko ɗaya. In kin san akwai abin da ya kamata ki tuba a kai, ki tuba, wannan tsakaninki da Ubangiji ne. Amma kada ki zauna kina tonon laifin da babu don kawai wata ta kasa samun bayanin jinkirinki.

Yanzu tambayarki. A'a, ba ki daina dogara ba, gajiya kika yi. Wanda ya daina dogara ga Allah ai ba ya damuwa ya rubuto wasiƙa irin wannan. Ki buɗe Zabura 13 yau da dare, aya shida ce kacal, a ayoyi biyun farko sau huɗu Dawuda yake tambayar Allah har yaushe, kuma Allah bai ji kunyar barin wannan kukan a cikin Littafinsa ba. Yahaya Mai Baftisma fa, mutumin da ya nuna Yesu da bakinsa a bakin Urdun, da zaman kurkuku ya yi masa tsawo sai ya aiki almajiransa su tambaya, kai ne mai zuwan ko mu jira wani (Matiyu 11). Yesu bai tsawata masa ba, ya aika masa da amsa, ya juya ga taro ya yabe shi. Abin lura dai shi ne, duk su biyun wurin Allah suka kai shakkarsu. Ke ma ki kai taki can, da irin kalmomin da kika rubuto min, ba sai kin yi musu kwalliya ba.

Ina so ki tsaya kan Yusufu kaɗan, don mukan karanta labarinsa da sauri mu ga kamar jiya aka sayar da shi yau ya zama gwamna. Yana da shekara 17 lokacin da labarin ya fara, yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna, shekara 13 kenan tsakanin bauta da kurkuku. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne ƙarshen Farawa 40, ya fassara wa mai shayar da sarki mafarki, ya roƙe shi in ka fita ka tuna da ni, mutumin ya fita ya manta da shi sarai, shekara biyu cur. Wato shi ma an yi masa za mu neme ka. Me yake yi a cikin waɗannan shekarun? Aiki. Har shugaban kurkukun ya danƙa masa kula da sauran 'yan sarƙa, kuma a wannan wurin ne, ba a fadar sarki ba, nassi ya ce Ubangiji yana tare da shi.

Don haka kada ki ɗauki rayuwarki ki ajiye sai ranar da takardar ɗaukar aiki ta zo. Ki ci gaba da tura takardunki, ki ba wani da ya san harkar ya duba miki su tsakani da Allah, in akwai sana'a ko ɗan aikin da bai kai karatunki ba ki kama, Bulus da duk iliminsa ɗinkin tanti ya yi a Koranti. Nehemiya da aka yi musu barazana addu'a suka yi suka kuma sa masu gadi dare da rana (4:9), bai ga wani saɓani a tsakanin biyun ba. Azumin kuma, in ya zama kamar ciniki kike yi da Allah, na ba ka kwana kaza ka ba ni aiki, ki ɗan dakata ki huta.

Ba zan ce miki wata mai zuwa aikin zai fito ba, wanda duk ya yanka miki rana ki yi hattara da shi. Abin da aka yi mana alkawari shi ne ba zai bar mu ba, ba zai yashe mu ba, Ibraniyawa 13:5. Ranar da kika buɗe Littafin ba ki ji komai ba, ki karanta duk da haka, ko aya uku ce. Sannan ki nemi mace ɗaya dattijuwa a ikilisiya, mai riƙe sirri, wadda za ki iya ce mata Mama yau ban iya addu'a ba ki yi min.

TAMBAYA: Baba, ina aiki a sashen kuɗi, ogana yana sa ni in ƙara adadi a rasit kafin a kai wa kamfani. Ina da mata da yara biyu, in na ƙi zai iya kora ta. Ya zan yi? Daga ɗanka cikin Ubangiji.

AMSA: Ɗana, ka riga ka san abin ba daidai ba ne shi ya sa ka rubuto, kuma ka tuna ranar da asiri ya tonu rubutunka da sa hannunka za a gani a takardar. Tsoron da kake ji kuma ba rashin imani ba ne, nauyin iyali ne, na fahimta. Ka same shi shi kaɗai, cikin ladabi, ba wa'azi ba barazana, ka ce ranka ya daɗe kowane aiki ka ba ni zan yi amma wannan kam ba zan iya sa hannu ba. Haka Daniyel ya yi a babi na 1, roƙo ya yi bai ta da rigima ba.

Zai iya korar ka, ba zan ɓoye maka ba. Abokan Daniyel uku da suka tsaya gaban Nebukadnezzar sun ce Allahnmu yana da ikon ceton mu, suka ƙara da cewa ko da bai cece mu ba, ba za mu yi sujada ga gunkin ba (3:17-18), kuma lokacin da suka faɗi haka ba su san yadda za ta ƙare ba. Kafin ka shiga ofishinsa ka zauna da maiɗakinka ka faɗa mata komai, don in abin ya zo tare za ku ɗauka, ku yi addu'a tare, ka sanar da dattijo ɗaya a coci, ka kuma fara neman wani wurin tun yanzu. Rasit ɗin baya da ka riga ka taɓa kuwa, ka nemi shawarar lauya a kansu. Ka sake rubuto min in ji yadda kuka yi da ogan.